Yadda Ake Neman Kotu Ta Tsige Daraktan Kamfanin da Ya Ci Amana

Wanda ya zuba kuɗinsa a kamfani ya damƙa amanarsu ga daraktoci, ba abin da ke ci masa rai kamar ya ga ana wawure dukiyar a kan idonsa, alhali ƙuri'unsa ba su kai su sauke mai yin ɓarnar ba. A irin wannan hali ne ake tuna kotu. Dokokin ƙasashe da yawa sun ba alƙali ikon ya cire darakta daga kujerarsa, wani lokaci har ya haramta masa sake riƙe irin muƙamin na tsawon shekaru, amma alƙalai ba sa ɗokin amfani da wannan iko, domin a ganinsu masu hannun jari ne suka naɗa mutumin, su ne kuma ya kamata su sauke shi. Don haka nauyi biyu ne a wuyan mai ƙara: ya tabbatar cewa abin da daraktan ya aikata rashin gaskiya ne ko keta amana, ya kuma nuna cewa an ƙwanƙwasa ƙofofin cikin gida an tarar da su a kulle. Duk matakan da za su biyo baya, waɗannan abubuwa biyu suke yi wa hidima.

Fara da tantance irin laifin

Kafin ka je wurin lauya, zauna ka rubuta a takarda abin da kake zargin daraktan da shi, sa'an nan ka tambayi kanka ko cin amana ne ko kuwa shawara ce ya yanke wadda ba ta yi kyau ba. Wannan bambanci shi ne ke kashe mafi yawan ƙararraki tun ba su yi nisa ba. Kotuna suna bin ƙa'idar cewa darakta da ya yanke shawara da zuciya ɗaya, bayan ya nemi bayanin da ya kamata, ba shi kuma da wani amfani na ƙashin kansa a ciki, ba za a hukunta shi ba don kawai kamfani ya yi asara. A shekarar 1968 wani mai ƙaramin kaso a ƙungiyar wasan ƙwallon gora ta Chicago Cubs ya kai ƙarar shugabanta Philip Wrigley, bisa cewa ƙin sanya fitilun wasan dare a filin ƙungiyar yana jawo mata asara. Kotun ɗaukaka ƙara ta jihar Illinois ta yi watsi da ƙarar, domin ba a nuna zamba ko saɓa doka ko son kai ba, kuma ba aikin alƙali ba ne ya koya wa 'yan kasuwa kasuwanci. Mai ƙarar zai iya kasancewa da gaskiya ta fuskar riba, amma ba ita kotu ke aunawa ba.

Abin da kotu ke kasa kunne gare shi daban ne: darakta ya karkatar da kuɗin kamfani zuwa aljihunsa, ya ba kamfanin ɗan'uwansa kwangila ba tare da ya bayyana dangantakar ba, ya ƙwace wata dama ta kasuwanci da ta zo wa kamfani ya mayar tasa, ya ƙirƙiri takardun ƙarya, ya ɓoye wa sauran daraktoci gaskiyar asusu, ko ya ci gaba da cin bashi da sunan kamfanin da ya san ba zai iya biya ba. A nan ƙa'idar tana da tsauri ƙwarai. A shari'ar Regal da Gulliver ta 1942, kotun ƙoli ta Birtaniya ta wancan lokaci ta tilasta wa daraktoci su mayar da ribar da suka samu ta hanyar muƙaminsu, duk da cewa ba a same su da mugun nufi ba, kuma kamfanin bai yi asarar komai ba. Idan laifin da ka rubuta ya faɗa cikin wannan aji, to kana da abin kai wa kotu. Idan kuwa ƙorafinka bai wuce cewa mutumin yana da girman kai ko ba ya jin shawara ba, gara ka nemi ƙuri'u ka bar alƙali ya huta.

Gano ƙofar da dokar wurin ta buɗe

Dokar ƙasar ko jihar da aka yi wa kamfanin rajista ita ce ke hukunta al'amuran cikinsa, ko da yana gudanar da harkokinsa a wani wuri dabam. Don haka abu na gaba shi ne ka ɗauko takardar rajista da kundin dokokin kamfanin da duk wata yarjejeniya da masu hannun jari suka sa wa hannu, ka karanta su tare da lauyan da ya ƙware a dokar kamfanoni ta wannan wuri. Ƙofofin sun sha bamban, kuma shiga ta wadda ba ita ba yana cinye shekara guda a banza.

A Amurka kowace jiha da nata tsari. Sashe na 304 na dokar kamfanoni ta Kalifoniya ya yarda masu riƙe da aƙalla kashi 10 cikin ɗari na wani rukuni na hannun jari su nemi kotu ta tsige darakta saboda zamba, rashin gaskiya, ko mummunan amfani da iko, kotun kuma tana iya hana a sake zaɓensa na wani lokaci. A New York, sashe na 706 ya ba babban lauyan jiha ko masu kashi 10 cikin ɗari damar kai irin wannan ƙara. Delaware kuwa, inda manyan kamfanoni da yawa suke da rajista, ta ƙuntata ƙofar sosai: sashe na 225 bai yarda kotu ta tsige darakta ba sai an riga an same shi da babban laifi da ya shafi aikinsa, ko wata kotu ta riga ta yanke cewa ya keta amanar kamfani, sa'an nan a nuna bai yi aiki da kyakkyawar niyya ba kuma barinsa zai jawo ɓarnar da ba ta gyaruwa. Ma'ana, a can shari'a biyu za ka yi, ɗaya bayan ɗaya.

Afirka ta Kudu ce ta fi shimfiɗa hanyar a fili. Sashe na 162 na dokar kamfanoni ta 2008 ya ba kamfanin kansa, ko mai hannun jari ko da guda ɗaya ne, ko wani darakta, ko sakataren kamfani, ko ƙungiyar ƙwadago mai wakiltar ma'aikata, damar neman kotu ta ayyana mutum a matsayin kangararren darakta. Idan an tabbatar da mummunan amfani da muƙami, ko cin riba ta haramtacciyar hanya, ko sakaci mai tsanani, ko cin amana, to hannun alƙali a ɗaure yake: dole ya yi wannan ayyanawa, kuma haramcin riƙe muƙamin darakta da ke biyo baya bai gaza shekara 7 ba. A Indiya, sassa na 241 da 242 na dokar 2013 sun ba kotun musamman ta kamfanoni ikon cire darakta idan ana danne wasu masu hannun jari ko ana gudanar da kamfani ta hanyar cutarwa, kuma masu ƙara sai sun kai mutum 100, ko kashi ɗaya cikin goma na membobi, ko masu riƙe da kashi ɗaya cikin goma na jarin, sai fa in kotun ta ɗauke wannan sharaɗi.

Birtaniya da Najeriya da ƙasashen da suka gaji tsari iri ɗaya sun bar tsigewa a hannun babban taron masu hannun jari, suka buɗe wa mai ƙaramin kaso ƙofar koken danniya da rashin adalci, wadda ke sashe na 994 na dokar Birtaniya ta 2006, inda kotu ke da ikon ba da duk umarnin da ta ga ya dace don kawar da zaluncin. A Najeriya Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraron irin waɗannan ƙararraki ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020. Haramta wa mutum zama darakta gaba ɗaya kuwa, a Birtaniya yawanci hukuma ce ke neman hakan ƙarƙashin dokar 1986, musamman bayan kamfani ya durƙushe, kuma wa'adin yana tsakanin shekara 2 zuwa 15. Mai hannun jari a can abin da yake iya yi shi ne ya kai rahoto da hujjojinsa ga hukumar.

Tattara hujja, kuma a tattara ta a natse

Nan ne ake cin shari'ar ko a faɗi, tun kafin a ga fuskar alƙali. Na fi son mai ƙara ya ɓata wata uku a kan takardu da ya yi gaggawar shigar da ƙara da zato, domin zargin zamba ba ya tsayuwa a kan “an ce” ko “kowa ya sani”. Kotu tana son rana, da adadi, da sa hannu.

Ɗauki misalin kamfani mai masu hannun jari uku, inda shugaban daraktoci ke riƙe da kashi 55, kai kana da 30, na ukunku yana da 15. Ka lura kuɗin da ake kashewa wajen jigilar kaya ya ninka cikin shekara guda alhali yawan kayan bai ƙaru ba. Wannan alama ce kawai, ba hujja ba ce tukuna. Sai ka nemi takardun biyan kuɗi, ka ga cewa wani sabon kamfanin jigila ne ke karɓar kusan dukan aikin. Ka je hukumar rajistar kamfanoni, wadda bayananta a buɗe suke ga kowa, ka nemi bayanin wannan kamfani, sai ka tarar an yi masa rajista mako uku kafin ya samu kwangilar, kuma adireshin ofishinsa shi ne gidan da shugaban ke zaune, daraktarsa ɗaya tak kuwa matarsa ce. Ka koma littafin da ake rubuta abin da aka tattauna a taron daraktoci, ka buɗe shafin watan da aka ba da kwangilar, ba ka ga inda ya bayyana dangantakar ba, ba ka ga inda aka kaɗa ƙuri'a ba. A ƙasan takardar umarnin biya kuma, inda ya kamata a ga sa hannun mutum biyu, nasa ne kaɗai, gurbin na biyun fari fat. Yanzu kana da takardu huɗu da ke gaskata juna, kuma kowace daga hannun wani dabam ta fito.

Jera su bisa tsarin kwanan wata a shafi ɗaya ko biyu: ranar da abu ya faru, abin da ya faru, takardar da ke nuna shi, da wanda zai iya ba da shaida a kai. Wannan jadawali shi ne ƙashin bayan takardar rantsuwarka, kuma shi ne zai nuna maka gurbin da ya rage. Idan lissafin ya yi sarƙaƙiya, ɗauki ƙwararren mai binciken asusu wanda ba shi da alaƙa da kowane ɓangare, domin alƙali ya fi natsuwa da rahoton baƙo a kan lissafin mai ƙara.

Akwai gargaɗi da ba na gajiya da maimaitawa. Kada ka samo hujja ta hanyar da za ta zame maka abin kunya. Kada ka kutsa cikin imel ɗin wani, kada ka sa ma'aikaci ya sato maka fayil, kada ka naɗi muryar mutum a inda doka ta hana. Wanda ya zo neman a kori maci amana, dole hannunsa ya kasance a wanke, kuma lauyan ɗaya ɓangaren ba abin da yake jira kamar ya mayar da shari'ar ta koma kanka. Doka ta tanadi hanyoyin halal. Idan kai ma darakta ne, kana da haƙƙin duba littattafan asusu. Idan mai hannun jari ne kawai, haƙƙinka ya fi ƙanƙanta amma yana nan. A Delaware, alal misali, sashe na 220 ya yarda ka nemi duba littattafai muddin ka bayyana manufa ta gari, binciken almundahana kuwa yana cikin manufofin da kotu ta amince da su. Ka rubuta buƙatarka a takarda, ka ajiye shaidar an karɓa. In an hana ka, hanin kansa ya zama wata hujja. Haka kuma ka kame bakinka: yaɗa zargin a kafafen sada zumunta kafin hukunci yana iya jawo maka ƙarar ɓata suna, yana kuma ba wanda ake zargi lokacin gyara takardu.

Gwada hanyar cikin gida, ko da ka san ba za ta ɓulle ba

Mutane da yawa suna tsallake wannan mataki bisa hujjar cewa mai rinjaye ba zai tsige kansa ba. Gaskiya ne, amma kotu tana son ta ga an gwada. Tun shari'ar Foss da Harbottle ta 1843 aka kafa ƙa'idar cewa idan an cuci kamfani, kamfanin ne ke da ikon kai ƙara, kuma abin da rinjaye zai iya warwarewa ba a kawo wa alƙali. Wanda ke neman a yi masa sassauci a wannan ƙa'ida sai ya nuna cewa masu laifin ne ke riƙe da linzami.

Don haka ka rubuta wa hukumar daraktoci wasiƙa, ka zayyana zarge-zargen dalla-dalla, ka nemi a yi bincike, ka sa wa'adi. A wasu wurare wannan wasiƙa wajibi ce kafin a kai ƙara a madadin kamfani: jihohin Amurka masu bin dokar samfuri ta kamfanoni suna sa a jira kwana 90 bayan miƙa ta, sai in an ƙi amincewa tun da wuri ko jiran zai jawo ɓarna, a Afirka ta Kudu kuma sashe na 165 ya ba kamfani kwanakin aiki 60 ya naɗa mai bincike mai zaman kansa ya ba da amsa. Bayan wasiƙar, nemi a kira babban taro na musamman a gabatar da ƙudurin tsige daraktan. A Birtaniya masu kashi 5 cikin ɗari na ƙuri'u sun isa su tilasta a kira taron, a Najeriya kashi ɗaya cikin goma ne, kuma a dukan ƙasashen biyu ana buƙatar sanarwa ta musamman ta kwana 28, tare da ba daraktan damar ya kare kansa a rubuce da kuma a gaban taron.

Kada ka raina waɗannan ƙa'idoji don kana ganin laifin a bayyane yake. A 2010 Kotun Ƙolin Najeriya ta soke cire Bernard Longe daga shugabancin First Bank, domin ba a ba shi sanarwar taron daraktocin da aka yanke shawarar ba, alhali doka ta ce haƙƙinsa ne. Shekaru bayan an ɗauka an gama, rashin takardar sanarwa guda ya rushe komai. Ka kuma duba kundin kamfanin ko akwai tarko a ciki. A shari'ar Bushell da Faith ta 1970, 'yan'uwa uku ne ke da hannun jari 100 kowannensu, amma kundin ya ce duk ranar da za a tsige darakta, kowane hannun jarinsa ƙuri'a uku ne. Da 'yan'uwansa mata biyu suka haɗa ƙuri'u 200, sai ya kayar da su da 300, kotu kuma ta ce tanadin halal ne.

Idan taron ya yi nasara, ka huta da kotu. Idan an ƙi kiransa, ko wanda ake zargi ya yi amfani da rinjayensa ya kashe ƙudurin, ka adana sanarwar da rubutaccen bayanin taron da ƙidayar ƙuri'u, domin su ne za su gaya wa alƙali cewa babu sauran magani a cikin gida.

Shigar da ƙarar

Kafin a buga takardu, duba ko yarjejeniyar masu hannun jari ta wajabta kai saɓani gaban mai sasanci, domin in ta wajabta, kotu tana iya dakatar da ƙararka. Duba kuma wa'adin da doka ta ba da, don laifin da aka daɗe ana kallo aka yi shiru yakan fita daga hannu, ko alƙali ya ɗauki shirun a matsayin yarda. In kasonka bai kai abin da doka ta gindaya ba, nemi wasu masu hannun jari ku haɗu, amma ku rubuta yarjejeniya a kan yadda za a raba kuɗin shari'a da wanda zai riƙa magana da lauya, kada wani ya janye a tsakiyar kogi adadin ya faɗo ƙasa.

Takardun yawanci koke ne ko takardar neman umarni, tare da takardar rantsuwa mai ɗauke da hujjoji. A sa daraktan a matsayin wanda ake ƙara, a kuma sa kamfanin, domin umarnin zai shafe shi. A takardar rantsuwa faɗi abin da ka gani da abin da takarda ta nuna, ka bar zagi da ƙawata magana. Zargi uku masu ƙarfi sun fi goma sha biyar da rabinsu raunana ne, don raunanan suna rage wa masu ƙarfin kwarjini.

Sai ka tsaya sosai a kan abin da kake roƙo, domin kotu ba ta cika ba da abin da ba a nema ba. Ban da tsigewa, roƙi a hana sake naɗa shi na wani lokaci, in ba haka ba mai kashi 55 zai kira taro washegari ya mayar da kansa ko ya ɗora yaronsa. Roƙi a fayyace yadda za a cike gurbin, a tilasta masa ya miƙa littattafai da hatimi da makullan asusun banki, a kuma soke kwangilar da ya ba kansa. A ƙaramin kamfani da amana ta riga ta mutu, yana da kyau a sa roƙo na madadin, wato a sayi kasonka a kan farashin gaskiya wanda mai ƙima mai zaman kansa zai yanke, domin a ƙararrakin danniya a Birtaniya wannan ne umarnin da aka fi bayarwa. Ka sani kuma cewa tun hukuncin O'Neill da Phillips na 1999, wanda aka yi masa tayin saye na adalci ya ƙi, yana iya rasa ƙararsa. Idan tayi ya zo, a auna shi da hankali, kada fushi ya yanke shawara.

Shari'a tana ɗaukar lokaci, dukiya kuwa tana iya ƙarewa kafin a kai ga hukunci, sai a wayi gari ana ihu bayan hari. Saboda haka a rana ɗaya da shigar da ƙara ake neman umarnin wucin gadi: a hana daraktan taɓa asusu shi kaɗai, a hana sayar da kadarori, a hana lalata takardu, a wani hali ma a naɗa mai riƙon ƙwarya. Alƙali zai duba ko akwai batu mai nauyi da ya cancanci a saurara, ko diyya za ta iya gyara ɓarnar daga baya, da kuma wanda zai fi cutuwa in an ba da umarnin ko an hana. Galibi za a sa ka ɗauki alkawarin biyan asarar da umarnin ya jawo in ka faɗi a ƙarshe, kuma idan ka nemi umarnin ba tare da ɗaya ɓangaren yana nan ba, wajibi ne ka bayyana wa kotu har abubuwan da ba su goyi bayanka ba. Ɓoye su yana sa a janye umarnin nan take.

A gaban alƙali

Kariyar da wanda ake ƙara zai kawo ba ta cika wuce guda huɗu ba: zai ce shawarar kasuwanci ce, ko sauran daraktoci sun sani sun kuma yarda, ko ya dogara da shawarar akanta ko lauya, ko kuwa kai ne mai mugun nufi da ke son ƙwace kamfani. Amsar uku na farko tana cikin takardun da ka tara, musamman littafin taro da bai nuna an bayyana komai ba. Amsar ta huɗu tana cikin halinka: wasiƙun da ka rubuta cikin ladabi, wa'adin da ka bayar, taron da ka nema. Yi amfani da matakin da kotu ke tilasta wa kowane ɓangare ya fito da takardunsa, domin a nan ne bayanan banki da saƙonnin da ba ka iya samu da kanka suke fitowa. Ma'aikatan da za su ba da shaida suna jefa abincinsu cikin haɗari, don haka a nemi kotu ta kira su da sammaci, a kuma duba kariyar da doka ta ba masu fallasa ɓarna.

Shirya wa doguwar tafiya. Ƙarar da wata ƙungiyar farar hula mai suna OUTA da ƙungiyar matuƙan jiragen kamfanin jiragen saman Afirka ta Kudu suka shigar a kan tsohuwar shugabar hukumar kamfanin, Dudu Myeni, an fara ta a 2017, sai a watan Mayun 2020 Babbar Kotun Pretoria ta ayyana ta a matsayin kangararriyar darakta har tsawon rayuwarta. Batun kuɗi ma a yi shi tun farko: a ƙasashe da yawa wanda ya faɗi shi ke biyan wani ɓangare na kuɗin wanda ya yi nasara, amma a ƙarar da aka kai a madadin kamfani ana iya roƙon kotu ta sa kamfanin ya ɗauki nauyin. Ka kuma sa ido kada daraktan ya riƙa biyan lauyoyinsa daga asusun kamfanin a rikicin da na masu hannun jari ne, domin ana iya neman a hana hakan.

Bayan an ba da umarni

Hukunci ba ya zartar da kansa. Karɓi kwafin umarnin mai hatimin kotu, a miƙa wa daraktan da kamfanin ta hanyar da doka ta tsara, a sanar da hukumar rajistar kamfanoni cikin wa'adin da aka ƙayyade don a cire sunansa, a kai wa kowane banki kwafi tare da sabon ƙudurin masu sa hannu, a canza kalmomin sirri na asusu da na kwamfutocin ofis a ranar. A sanar da manyan abokan ciniki a taƙaice cewa ba ya wakiltar kamfanin, ba tare da ƙarin bayani ba. Idan ya ɗaukaka ƙara, lauyanka ya duba ko hakan yana dakatar da umarnin, in yana dakatarwa a nemi a ci gaba da aiki da shi ko a bar matakan wucin gadi a tsaye.

Tsigewa daga kujerar darakta ba ta ƙwace masa hannun jarinsa, ba ta kuma soke kwantiragin aikinsa kai tsaye idan ma'aikacin kamfanin ne, don haka a bi wannan ta hanyar dokar ƙwadago a keɓe. Ba ta kuma dawo da kuɗin da suka salwanta. Wannan ƙara ce ta neman diyya ko mayar da riba, wadda sabuwar hukumar daraktoci za ta iya shigarwa da sunan kamfani tana dogaro da abin da kotu ta riga ta tabbatar, in akwai alamun laifin zamba kuma a miƙa takardun ga masu bincike. Abu na ƙarshe da za a sa wa ido shi ne mulki ta bayan labule, inda wanda aka cire zai ci gaba da ba da umarni ta bakin waɗanda ya bari a kujera. A Birtaniya wanda aka haramta wa muƙamin ya ci gaba da sa hannu a gudanar da kamfani yana iya shan ɗaurin da ya kai shekara 2, kuma bashin da kamfanin ya ci a wannan lokaci yana hawa kansa, haka ma wanda ya san da haramcin ya riƙa aiki da umarninsa. Idan ka ga alamar hakan, rubuta ranar, ajiye saƙon ko takardar da ta nuna daga ina umarnin ya fito, ka koma gaban alƙalin da ya ba da hukuncin da buƙatar a hukunta shi bisa raina kotu.